Hoton da Ya Karkace

Ni mai gyaran rediyo ne a kasuwar Yelwa,
yini nake ina ƙulla muryoyin da suka tsinke.
Amma kafin ladan ya gama gyaran murya
na rataya tsohuwar kamarata ta gwanjo,
wadda tumaki biyu suka tafi dominta,
na gangara bakin Kwara, raɓa na cin ƙafar wandona.

Tumba takan ce daga cikin gidan sauro:
"Malam, hoton ruwa dai ba ya tafasa tukunya."
Gaskiyarta.
Sai in ja ƙofa a hankali.

Akwai wani ɗan lokaci, bai kai shan koko ba,
da kogi ke yin launin cikin sabuwar ƙwarya,
tururi na tashi kamar an sauke tuwo,
zalɓe a kan ƙafa ɗaya yana bin kifi bashi,
giginyun tsallake sun leƙo su ga fuskarsu.
Shi nake farauta, shekara shida ke nan.
Wata rana in same shi.
Sau da yawa gajimare ya riga ni,
ko batir ya mace a hannuna kamar ɗan tsako.

Nomau Basarke, mai kwalekwale mai faci uku,
shi ke fita da ni tsakiya,
yana dariya har filafili na neman suɓuce masa:
"Mutane na ɗaukar amare da masu manyan riguna,
kai kana ɗaukar inda ba kowa!
Wa zai biya ka? Dorina?"

Wata Laraba igiyar ruwa ta mari jirgin
daidai ina danna maɓalli.
Sama ta zube gefe guda,
gungun su Nomau ya jingina kamar mai gyangyaɗi:
tsamiya ɗaya, bukka huɗu, taru a shanye,
da wani tsoho, rabinsa kaɗai ya shigo,
yana ɗinkin koma, bakinsa riƙe da zare.
Na yi niyyar gogewa. Mantuwa ta hana ni.

Sai damina ta zo da fushin da ba mu san ta da shi ba.
Kwana tara ruwa na ci, ba ya ƙoshi.
Da ya janye, zalɓe ya yi ta kewaya
bai sami inda ya saba sauka ba.
Tsohon kuwa a tudu aka rufe shi,
kafin a yanke gero.

Bayan la'asar na ga inuwa a ƙofar shago.
Nomau ne, ba rediyo a hannunsa.
Ya daɗe yana kallon tarkacen wayoyi.
"Wancan na banzan," ya ce,
"wanda jirgi ya girgiza.
Yana nan?"

Har Birnin Kebbi na je aka wanke shi babba.
Ya goge tafinsa a riga kafin ya karɓa,
ya yi ta juya takardar sannu-sannu
har gungun ya miƙe tsaye,
ya ɗora yatsa inda rabin tsohon ya ƙare,
kamar zai jawo sauran daga bayan takarda.

Kuɗi na ƙi karɓa.
Da magariba yaronsa ya kawo karfasa biyu.
Tumba ta ɗora tukunya, ba ta ce uffan ba,
ni ma ban tuna mata ba.
Da asuba, ita ta miƙo mini batir
da ta ɗumama a ƙarƙashin matashi.