Ga Sali, Ranar da Na Miƙa Masa Kyamara

Sali, riƙe ta da hannu biyu,
igiyar ta tsufa, kamar ni.
Bikin a Rumde Ajiya ne, ka bari sai la'asar;
kafin nan ranar Garwa ba ta da kunya,
tana matse ido, ta mai da fari toka.

Kada ka ce wa amarya ta yi murmushi.
Jira ƙawarta ta raɗa mata wani abu,
sannan ka danna.

Lalle ya ci kwana biyu, ba shi haƙƙinsa:
ɗauki hannu, ɗauki ƙafa.
Ango ba ya ɓata, babbar rigarsa za ta nemo ka.
Kai nemi wadda ba ta neman ka,
tsohuwar da ke bakin murhu,
hayaƙi ya ba ta hujjar hawaye.

Shekara ashirin ke nan, a Yelwa,
na ƙarar da fim kan 'yan rawa da masu liƙin sefa.
Bayan wata uku Dija ta zo shago,
ta juya kundin har bango,
ta ce, "Baba fa?"
Yana nan, Sali, a gefen hoto na tara:
rabin kafaɗa da bakin hula.
Shi ta saya. Shi kaɗai ya rage mata.

Yau kowa waya a sama,
kamar dawa ta fid da kai.
Kada ka yi faɗa da su. Durƙusa.
Karɓi rabin kuɗinka kafin a ɗaura,
bayan biki aljihu Binuwai ne da bazara.

In ka gama, ƙirga mutanen gidan,
ba hotuna ba.