Ƙwai Biyu da Reza

Yau kwana sittin da ɗaya
da mesar nan ta ajiye su, tara cif,
farare, masu laushin tsohuwar jakar fata.
Bakwai sun tsaga da kansu tun Laraba,
sun leƙo, sun lashi iskar Jos da harshe,
sun koma ciki sun sake shawara,
sannan suka fito.
Biyu sun yi gum.

Sanyin Naraguta ba ya raino.
Shi ya sa na sayo mataccen firji a Dilimi,
na cire masa hanji, na sa masa ƙwan lantarki,
abin da aka ƙera don sanyi ya koma uwa.
Daren da aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi,
da gorar ruwan zafi na kwana ina canji
har ladan ya kira assalatu.
To yanzu in naɗe hannu?

Baba Gyang, wanda ya koya mini kamun wuya,
ya ce a waya, yana tari:
"Bar su, Tanimu.
Wanda bai iya keta ƙwansa ba
ina zai iya haɗiye ɓera?
Ƙofar da ba a ƙwanƙwasa daga ciki ba
kar ka buɗe ta daga waje.
Ni na taɓa yankawa da wuri,
jijiya na samu. Jinin bai cika cokali ba,
amma shi ke nan duk abin da yake da shi."

Barira ba ta shiga ɗakin nan,
ko tsintsiyarsa ba ta taɓawa.
Daga bakin ƙofa ta tsaya, da ludayi a hannu:
"Da likitan Jankwano ya yi irin haƙurinku,
da ni da Mudi muna ƙarƙashin ƙasa."
Ta dafa mararta, daidai inda ɗinkin yake,
ta koma kan tukunya.

Na kashe fitila, na kara tocila a jikin na farko.
Jan zare ko'ina, kamar hanyoyin Taminus da yamma,
da wata inuwa a tsakiya.
Ta motsa ne, ko hannuna ne ya yi rawa?
Na biyun ya loɓa ta gefe, ya soma gumi.
Na sunsuna. Ban ji wari ba.
Ban kuma ji rai ba, in rai na da ƙamshi.

Reza sabuwa ce, na dafa ta.
Na tsunkuli fatar, na ɗaga, na yi bisimilla,
na buɗe taga, faɗin farce.
Ruwa ya taso, garau.
Ga shi a naɗe, zanensa ya cika,
cibiya ta zagaye shi sau biyu kamar ɗamara,
ido a buɗe. Amma su kullum a buɗe yake.
Na taɓa shi da tsinken ashana.
Shiru.
Na sake.
Sai bayansa ya ɗan tsuke, kaɗan,
kamar mai barci da ƙuda ya sauka masa.

Ban ciro shi ba. Na mayar da marfin fatar,
na bar masa sauran aikin.

Ɗayan kuwa, rezar na hannuna,
na tsaya kansa har shayina ya huce.
Ban san me ya hana ni ba.
Ba maganar Baba ba ce, ba kuma tsoro ba.
Na rufe firjin.

Waje, hazo ya sauko daga duwatsu,
kare na haushi wajen tsohon ramin kuza.
Mudi na barci da ƙafa ɗaya a waje.
Na ja masa bargo.
Ƙarfe huɗu zan sake dubawa.