Rumbun Amo

Na sayar da tumaki uku a kasuwar Gujungu,
na dawo Sankara da sifika biyu a bayan babur.
Ina sa kaset, ɗakin ya hau gardama.

Siminti bai iya riƙe sirri ba.
Duk abin da kalangu ya faɗa
bango ya maimaita, kwano ya ƙara gishiri,
ganga ta koma rugugin hadari a lungu.

Ɗakin Inna na ƙasa ba haka yake ba:
ƙarƙashin azara magana kan zauna
kamar baƙon da aka ba shimfiɗa.

Sai na bi bango ina tafi,
inda tafin ya dawo, nan na rataye tabarma.
Buhun ƙaiƙayi huɗu, kowane lungu ɗaya.
Bargon Azumi ya hau bayan ƙofa,
zana ta shiga tsakanina da kwano.
Barau ya leƙo: "Tanimu, rumbu kake ginawa?"
Na ce, "I, na amo."

Daren Laraba na ja kujera baya taku uku,
na sake tafawa. Shiru ya amsa.
Na sa tsohon kaset na sunan Ladidi,
wanda na ji sau ɗari.
Can bayan mai goge, kafin guɗa,
ga tarin marigayi Baba,
ƙanƙani, sau biyu, daga hagu,
daidai inda yakan zauna.

Azumi ta tsaya bakin ƙofa da ƙwaryar fura.
Ba ta sake tambayar bargonta ba.