Jan Zare a Wuyan Riga

Ranar Talata kasuwar Mafara ta ci,
na sayo jan zare da jakunkunan yadi huɗu.

Dubi wuyan rigar nan.
Nafi'u na fara ɗinkawa a ciki,
shekarar da ruwan Bakalori ya kwana a gonarmu.
Ya girma, na warware,
amma ramukan allura ba su manta shi ba.
Basiru ya hau kansu.
Yanzu Shamsu ya gaje ta,
yana ƙorafin sunan wansa na sosa masa ƙeya.

Jaka uku sun samu suna, sun shige ƙarƙashin gado.
Ta huɗun ƙananan kaya ne, masu warin kafur.
Na zura zare, na dakata.
Suna sai ranar suna;
mai kayan yana shurina daga ciki.