Hotuna Arba'in da Uku

Da hantsi suka shigo shagona,
nan bayan tashar Damagaram, inda nake wankin hoto.
Tsahara riƙe da salula, Illiyasu riƙe da gefen mayafinta.
Ta ce, "Arba'in da uku ne. Wanke su duka,
ban yafe maka ko ɗaya ba."

Shekara ashirin yana zuwa Gwanzu,
sarin tayil, sarin fitilu, sarin takalman roba.
Ya san ƙasar Sin yadda ɗan dako ya san gidan attajiri:
ƙofar sito, sikeli, bakin mai ciniki.
Bana likita ya ce hasken idonsa ya fara kwashe kaya.
Sai ya sayar da filinsa na hanyar Ɗan Isa,
ya yanki tikiti biyu
a tsakiyar ɗarin can, da ba ya jin magiya.

Na farko ya fito daga inji da ɗuminsa:
ga su a kan Babbar Ganuwa,
ta bi ƙashin bayan duwatsu kamar mesa ta ƙoshi.
Tsahara cikin kwat ɗin gwanjo, zane uku a ƙarƙashi,
safa a hannu, numfashi na fita kamar hayaƙin murhu.
Ta ce matakala ɗari biyu ta ƙirga masa da baki,
daga nan gwiwa ta ce ita ba bare ba ce, a saurare ta.

Ga Bejin, jajayen ƙofofi, ƙofa cikin ƙofa,
gidan sarakunan da suka tafi suka bar tsakar gida ga sanyi.
Ga wata tsohuwa ta rungume Tsahara ana ɗauka,
ba su ji harshen juna ba,
sun rabu da kilishi a hannun wannan, lemo a hannun waccan.

Ga sojojin yumɓu a rami, sahu bayan sahu,
kowa da fuskarsa, babu mai kama da wani.
Nan ta yi shiru.
Uwarta maginiya ce, ta mutu da laka a farce,
ba wanda ya taɓa biyan kuɗi don ya kalli tulunta.

Ga Harbin da dare.
Ƙanƙarar da muke layi a kanta da azumi,
dala ashirin a leda,
can sun gina benaye da ita, sun kunna mata fitila a ciki.
Illiyasu ya yi dariya:
"Na lasa, Malam. Harshena ya kusa zama ɗan ƙasa."

Sai aka ɗauke wuta.
Muka zauna a duhun shago muna shan zufa,
yana ba ni labarin wani masallaci mai rufin kwale-kwale,
inda liman ya ja Fatiha
ya ji ta sak irin ta Zariya, unguwarsu,
har ya manta ƙafarsa ta mutu.

Da wuta ta dawo, na arba'in da uku ya fito.
Ɓatacce ne. Hannu ya girgiza,
rabin yatsa ya rufe kusurwa,
fitilun Shanghai sun narke cikin kogi,
mace a tsakiya, ba ido, ba hanci,
sai wani haske mai siffar dariya.
Na ce, "Wannan ba zan karɓi kuɗinsa ba."

Ya kai shi dab da fuska, ya daɗe.
"Ni na ɗauka," ya ce.
"Sauran duk nata ne, ita ta gan su haka.
Wannan kaɗai ya yi daidai da abin da na gani.
Ƙara masa girma, ka sa gilashi."

Tsahara ta juya tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba.

Na auna katako, na yanka.
Ban taɓa goge gilashi sau uku ba sai ranar.