Ɗan Rima

Shekara sha tara ina zana kibiya a allo,
ɗaya daga gulbi zuwa sama,
ɗaya daga sama zuwa ƙasa.
In ce, "Ruwa kan zama tururi."
Su ce, "Tururi!"
kamar masu amsa sallamar baƙon da ba su gane ba.
Ran jarrabawa kibiyoyin su dawo mini a karkace.

Bana sai na aro wayar ƙanwata.
Muka yanka kwalin sabulu da almakashin tela,
muka shafa masa bula.
Jabbi ya yi masa idanu, ɗaya ya fi ɗaya girma,
Inno ta ce a bar shi, kowa da irin halittarsa.
Ɗigon ruwa ke nan.
Ba rago, ba goro, aka raɗa masa suna Ɗan Rima.

Mako uku, kullum bayan an tashi:
a gusa shi faɗin ƙwayar gero, a ɗauka,
a ƙara gusawa, a ɗauka.
Hoto ɗari huɗu da 'yan kai,
bakwai a ciki babban yatsan Modi ne.
Gajimare kuwa audugar matashin kaina ce,
har yau wuyana bai yafe mini ba.

Da aka zo kan murya, Maccido ya ɗaga hannu,
shi da in'ina ta zaunar a bencin baya tun aji ɗaya.
Wayar ba ta warkar da shi ba.
Ya ce, "Ni ne ɗi-ɗi-ɗigo."
Aji ya so ya fashe,
sai Inno ta ce, "To ai haka indararo ka faɗi."

Ranar nuni, Mabera ta yi zafin da ta saba,
kwanon rufi na ƙas-ƙas kamar ana suyar gyaɗa.
Muka rataya farin zanen gado a fuskar allo,
muka toshe tagogi da tabarmi.
Yara sittin da uku, ba mai ko tari.
Ga Ɗan Rima a Kwalkwalawa, yana kaucewa komar masunta,
rana ta taɓa shi, ya yi sakayau,
ya wuce kan giginya, ya wuce shirwa,
ya shige cikin auduga.

Nan batir ya mutu.

Duhu, da warin gumi, da zane fari fat.
Can wata murya ta ce, "Malam, ƙaƙa za shi sabko?"
Hannuna ya tafi aljihu neman alli,
amma Jabbi ya riga ni:
"Sai ya ji sanyi."
Modi ya ce, "Shi ɗai ba ya iyawa,
sai 'yan'uwa nai sun taru sun yi nauyi."
Gardama ta kaure kan inda zai faɗo.
Wani ya kai shi Goronyo,
wata ta sa shi a randar kakarta,
Yalli ya roƙi arziki, ko'ina ban da albasar babansa da ke shanya.
Aka buga ƙararrawa, ba wanda ya nemi takalminsa.
Na saki allin.
Ya zauna a aljihu har matata ta wanke shi da rigar.

Ruwan farko ya zo wata Talata, muna tsakar lissafi.
Ƙamshin ƙasa ya shigo ba sallama.
Na waiga, bencin baya ba kowa.
Maccido na bakin baranda, tafin hannu a buɗe,
ya tako a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.
"Ma-malam, ga shi yad dawo."

Na duƙa na duba.
Ba ido, ba bula, har ya fara bin tsagin yatsu.
Na gyara hulata,
na ce masa, "Sannu da hanya."