Rabin Cokali

Likita ta zana wake biyu a bayan takarda,
ta ce, "Baba Tanko, ƙodarka ke nan.
Ta gaji, amma ba ta kwanta ba."

Shekara ashirin na yi a masaƙar Kakuri,
na san kukan inji kafin ya tsaya.
Wannan bai yi kuka ba,
shiru yake cin zarensa.

Duk Laraba mu tara ne a benci bayan asibiti.
Nas Kande ta auna mu kamar buhunan masara,
ta rubuta hawan jini a ɗan littafi.

Gishiri ya koma rabin cokali,
dunƙule uku sun koma ɗaya.
Ƙwayar ciwon baya da nake watsawa kamar gyaɗa,
na sallame ta.
Mai tsiren Barnawa ya ɗago mini hannu,
na ɗaga masa, na wuce, yawu na tsinkewa.

Da sassafe muna taka gadar kogi,
ni da Bulus mai ciwon suga, yana haki yana tsokana:
"Miyar gidanka har yanzu lami?"

Lami ce.
Amma jiya na ji ɗanɗanon kuɓewa,
rabona da shi tun ina yaro.